Fitilar Lemuel Tarbox da Filin Malama Hulda

Lemuel Tarbox ya sauka garinmu Clayburn na jihar Nebraska a shekarar 1879, yana da shekara ashirin da takwas, da akwatin littattafan shari'a guda da tarin da ya ƙi jin magani. Ɗan baduku ne daga Ohio. Wani likita ya ce masa ya nemi inda iska take a bushe in yana son ya ga furfurarsa, ya kuwa samu iska har ta yi masa yawa. Tarin ya tafi a shekarar farko, shi kuma ya zauna har ya mutu a 1913.

Lauyanci ya zo yi, sai ya tarar lauyoyi biyu sun riga shi, a garin da gidajensa ba su kai hamsin ba. Mutanen da suka zo jiya-jiya suna fama da garma, me za su kai kotu? Sai dai saniyar wane ta shiga masarar wane, ita ma kafin lauya ya ɗaura takalmi an sasanta a bakin shinge. Da zaman ya ishe shi, ya sayi tsohon injin buga jarida a hannun wani da ya gaji zai koma gabas, ya fara fitar da 'yar jarida duk ranar Alhamis, ya sa mata suna Fitila. Bayan shekara huɗu aka zaɓe shi sufeton makarantun gunduma, ba don komai ba sai don babu mai sha'awar yawo a keken doki cikin sanyi yana leƙa makarantu talatin da ɗaya masu ɗaki ɗai-ɗai. Haka ya zama mutum ɗaya mai suna uku. Wanda aka ci wa iyakar gona ya kira shi Lauya, mai son a buga bikin 'yarsa ya kira shi Edita, malamai kuwa Sufeto. Matarsa Adelia kaɗai ke ce masa Lemuel, a saman ofis ɗin suke zaune, ba su haihu ba.

A cikin ukun nan Fitila ce ransa. Ƙarƙashin sunan jaridar ya sa layi ɗaya da ƙananan haruffa: "Abin da ido ya gani kawai." Ba ya gajiya da yi wa jaridar Bellmer gori, garin da ke gaba da mu a kan layin dogo. Cewa yake in kyanwa ta haihu a Bellmer, kafin labarin ya kai shafinsu ta zama damisa.

Abin da ke sayar da jarida a gari irin namu kowa ya sani, suna ne. Ba wanda ya damu da abin da ake tafkawa a Washington. Mutum na buɗe Fitila shafi na uku yake nufa, inda aka jera wa ya je gidan wa ranar Lahadi, wa ya yanka alade, wa ya halarci coci, malamar wace makaranta ke kwana a gidan wa a wannan makon, tunda iyayen yara ne ke saukar da malaman ƙauye bi da bi. To, mutumin da ke kan hanya kwana goma, wani zubin mako uku, ina idonsa zai ga wannan duka? Nan Lemuel ya samo dabararsa. Kafin ya ɗaura wa doki sai ya zauna ya rubuta shafi na uku na makonnin da ke tafe, ya jera haruffan, ya ɗaure su, ya bar wa Adelia ta riƙa bugawa. Ba wani wuya. Ya san wadda ke zuwa wurin ƙanwarta duk Lahadin farkon wata, ya san wanda ba ya fashin coci, jerin gidajen da kowace malama za ta kwana kuwa yana aljihunsa, shi ya sa masa hannu. A cikin goma tara na faɗawa daidai. Na goman ma ba mai ƙorafi, don Lemuel bai taɓa kai mutum mashaya ba, kullum coci yake kai shi ko gai da mara lafiya. Wanda ya wuni a kwance da ciwon kan giya ya karanta cewa an gan shi wurin wa'azi, shi ne zai zo ya ce a gyara? Shi kansa Lemuel bai ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, gani yake sanin mutanensa ne ya yi yawa.

Hulda Nyquist tana da shekara tara aka kawo ta daga Sweden. Iyayen suka mutu a Illinois, wanta ya nausa yamma neman aiki, ita kuma ta zo nan a 1884 tana da ashirin da uku, ta kama fili eka ɗari da sittin a arewacin gunduma da sunanta. Dokar a lokacin ita ce ka zauna a kai shekara biyar kana nomawa, kada ka bar shi fiye da wata shida a jere, sannan gwamnati ta mallaka maka. In ka bari kuwa, duk wanda ya kai ƙara ya tabbatar, shi ke gaba wurin ɗauka. Ta yanko ƙasa mai saiwar ciyawa ta gina ɗaki ɗaya, ta haƙa rijiya, tana koyarwa a makarantar da ke kusa don ta sayi iri. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma a jarrabawar malamai ta taɓa nuna wa Lemuel cewa amsar da ke cikin littafinsa ce ba daidai ba.

Da kakar 1886 makaranta mai lamba sha huɗu, can kudancin gunduma, ta rasa malami. Biyu aka kai suka gudu. Lemuel ya je har ɗakin Hulda ya ce ta taimaka ta karɓa, daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu.

Ta ce, "Wata bakwai ke nan, Sufeto. Mil ashirin da shida. Filina fa?"

Ya ce, "Haba Malama, da lauya fa kike magana. Ki riƙa zuwa kina kwana a ɗakinki ko sau biyu ne, wata shidan ya karye. Ba abin da zai taɓa filinki."

Ta karɓa. Aka yi sanyin da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa, ta riƙe makarantar har ranar ƙarshe.

Da daminar shekarar da ta biyo wani lauyan Bellmer mai suna Fenton Rusk ya shigo ofis ɗin Fitila yana fifita da hularsa. Ya ce, "Edita, Fitila nake so, tun daga Oktoba har Afrilu, kada ka tsallake ko ɗaya."

Lemuel ya ce, "Af! Mutumin Bellmer na neman Fitila? Taku ta ƙare ne, ko gaskiya kake marmari?"

"Gaskiyar nake marmari."

Daɗi ya kama Lemuel. Da hannunsa ya tsamo su talatin cif, ya jera bi da bi, ya ɗaure da igiya mai kyau, har bakin ƙofa ya raka shi.

Bayan kwana huɗu Hulda ta shigo ta ajiye masa takarda a kan tebur. Maƙwabcinta Dorsey Kemp, wanda gonarsa ke manne da tata, ya kai ƙara ofishin filaye cewa ta bar filinta wata bakwai, kuma Rusk ne lauyansa. Ta ce, "Sufeto ya ce in je, Lauya ya ce ba komai. To ga shi, ban san wanne zan ba a cikinku ba."

Ya ce, "Zauna tukuna. Kin je gida ko ba ki je ba?"

"Na je. Kwana takwas na yi da Kirsimeti, kwana biyu a Fabrairu."

"Wa ya gan ki?"

"Halvorsen, shi ya ara mini doki. Da sanyi ya kashe masa shanu ya kwashe iyalinsa, ba wanda ya san inda suka nufa. Sai Kemp. Hayaƙina ya gani, har ashana ya zo ara."

Sai a lokacin ƙunshin nan mai igiya ya faɗo wa Lemuel a rai. Ya tashi ya ciro Fitilar talatin ga Disamba, ya buɗe shafi na uku. Ga shi nan da kalmominsa: "Malama Nyquist ta ci gasasshiyar dinyar Kirsimeti a gidan Halvorsen, inda ta yi hutunta duka cikin farin ciki." Ya duba ta gaba, ya duba ta baya. Mako talatin, babu Asabar ko Lahadi ɗaya da bai ajiye ta a gidan wani a kudu ba.

Ya ce, "Kin ga wannan a lokacin?"

"Na gani. Da ita na toshe tsagar taga."

"To me ya hana ki zo ki ce a gyara?"

Ta dube shi ta ce, "Wa ya taɓa zuwa?"

An sa ranar sauraro cikin Satumba. Da safen wata Talata suna karyawa, Adelia ta zuba masa gahawa ta ce, "Ka ce kuskure ne guda ɗaya. Ka ce ni ce, hannuna ne ya zame."

Ya ce, "Talatin ne a hannun Rusk. In na ce ɗaya ce kuskure, kuma ta zama ita ce ɗayan da ke ceton wadda nake karewa, ke za ki yarda?"

"To ka ba wani lauyan."

"Ko wa na ba, ni za a kira in ce jaridata ce."

Ta ce, "Zaɓe saura wata biyu, Lemuel. Kuma ka san sanarwar ofishin filaye ce ke riƙe da Fitila. Ranar da suka ji yadda kake shafi na uku, Bellmer za su kai ta. Ni na juya injin nan shekara takwas, ina da bakin magana."

Ya ci gaba da gutsurar burodin masara. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Mako biyu ya yi yana fatan Hulda ta gaji ta janye da kanta, har ya taɓa ce mata shari'ar fili tana da tsawo, mutum kan tsufa a cikinta. Ta ce ba ta da wurin zuwa da sauri. Da ta fita ya ji kunyar kansa ƙwarai, amma fatan bai bar shi ba.

A ɗakin kotun gunduma aka zauna, alƙali na ɗaukar shaida zai aika wa ofishin filaye. Ba masaka tsinke, don an gama yankan alkama kuma babu wani abin kallo a gari. Kemp ya rantse cewa bai ga hayaƙi a ɗakin ba tun Oktoba. Hulda ta rantse ta je sau biyu. Daga nan Rusk ya kwance igiyarsa, ya ce yana roƙon abokin aikinsa Mista Tarbox ya cire rigar lauya na ɗan lokaci ya hau kujerar shaida. Aka yi dariya, Lemuel ya hau.

Rusk ya ce, "Wannan jaridarka ce?"

"Tawa ce."

"Karanta mana ɗan layin nan na ƙarƙashin suna. Ɗaga murya, mu mutanen Bellmer kunnenmu bai saba da gaskiya ba."

Ya karanta. Rusk ya bi makonnin ɗaya bayan ɗaya, yana jan murya, gidan Novotny, gidan Halvorsen, gidan Novotny kuma, har ya zo kan dinyar Kirsimeti. Ya ajiye ya ce, "Edita, idonka ya ga wannan?"

Da Lemuel ya ce e, da an tashi kafin abincin rana, kowa ya tafi da abinsa sai Hulda. Ya dubi inda Adelia take zaune, ya ga ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Bai gani ba. Ran sha ɗaya ga Disamba na rubuta shi."

Rusk ya ce, "Kirsimetin ce ta zo maka da wuri?"

Lemuel ya ce a ba shi jaridar. Ya nuna layi na huɗu a ƙasan na Hulda, inda aka ce dattijo Ezra Pruitt ya halarci coci ranar Kirsimeti kamar yadda ya saba. Ya juya shafin baya ya nuna sanarwar da Adelia ta ƙara da hannunta, cewa Ezra Pruitt ya rasu ran ashirin da uku ga wata. Ya fito da littafin rangadinsa na makarantu, da sa hannun malamai, ana ganin tun sha uku ga Disamba yana yammacin gunduma bai dawo ba sai bayan sabuwar shekara. Sannan ya bayyana yadda yake yi tun farko, bai rage komai ba.

Rusk ya ce mutum ɗaya da ya mutu ba ya rushe mako talatin. Nan ne Lemuel ya yi abin da ba a yafe masa ba. Ya ɗauki jaridun ya shiga karanta sunaye, yana duban masu su a cikin ɗakin. "Mista Albright, an ce ka kai iyalinka coci ran bakwai ga Nuwamba. Ka kai?" Albright ya yi tsuru-tsuru, ya ce farautar agwagi ya je. "Uwargida Sewell, an ce kin je duba surukarki da miya." Matar ta ce ita da surukarta rabonsu da magana tun bara, kowa ya sani. Ɗakin ya kaure da dariya, ana nuna juna da yatsa. Ya kira mutum goma sha ɗaya kafin alƙali ya buga tebur ya ce ya isa haka. Rusk ya tattara jaridunsa bai ko ɗaure ba.

Dariyar ba ta wuce bakin ƙofa ba. Ƙaryar kam mutanen Clayburn sun daɗe da saninta, kowa ya san tasa, ya yanke ta daga jaridar ya adana a cikin Littafi Mai Tsarki. Tonon da aka yi musu a bainar jama'a ne ya tsaya musu a wuya. A zaɓen Nuwamba Lemuel ya faɗi warwas, wani mai sayar da magani ya zama sufeto. Jaridar Bellmer ta yi mako shida tana tambaya ko Edita Tarbox zai taimaka ya faɗa mata wanda zai mutu a watan gobe. Kafin sabuwar shekara ofishin filaye ya mai da sanarwarsa can. Lemuel ya cire layin nan daga ƙarƙashin suna, ya koma bin gida-gida da ƙafa yana tambaya kafin ya rubuta, shafi na uku ya rame ya koma rabi, rabin ma ba daɗin karantawa, don gaskiyar abin da muke yi ranar Lahadi ba ta da yawa. Masu saye suka yi ta zamewa. A farkon 1889 ya buga ta ƙarshe, wani ya zo da amalanke ya sayi injin ya tafi da shi Wyoming.

Hukunci kuwa ya fito tun kafin nan, an kori ƙarar Kemp. Da shekara biyar ɗin Hulda ta cika, a jaridar Bellmer aka buga sanarwarta, Lemuel da kansa ya rubuta ya aika musu. Bai yi ƙorafi ba. In hanya ta bi da shi arewa yakan rage tafiyar doki a gefen filin, ya dubi masarar da 'yan bishiyoyin da ta dasa, ya ji sanyi a ransa. A ganinsa ya yi musanya, kuma abin da ya samu yana nan a tsaye ana gani.

Wata safiya cikin Afrilun 1890 yana zaune a ofis, wanda yanzu ya yi masa faɗi tun da aka fitar da injin, sai ga Hulda da takardar mallakarta a hannu, Dorsey Kemp na biye da ita yana murza bakin hula. Ta ce, "Lauya, takardar ciniki za ka rubuta mana. Na sayar."

Lemuel ya dubi Kemp ya ce, "Ɗan ba mu wuri." Kemp ya fita ba musu. Lemuel ya juyo ya ce, "Kemp? Duk faɗin gundumar nan?"

"Shi ya fi kowa tayi. Gonarsa na manne da ita."

"Mutumin da ya rantse bai ga hayaƙinki ba."

"Ai ban ce na yafe masa ba. Sayar masa na yi."

Ya ce, "Malama, kin san abin da filin nan ya ci?"

Ta ce, "Na sani, kuma na gode, ba zan manta ba. Ni ma shekara shida ya ci mini. Ka taɓa kwana a ɗakin nan a Fabrairu? Wana ya rubuto daga Oregon, suna neman malama, kuma can ruwa ake yi ba iska ba."

"Da kin bar masa tun a lokacin, ai da..."

Ta ce, "Da ƙwacewa ya yi. Yanzu saye yake."

Ya so ya yi fushi, ya nemi inda ta yi laifi ya rasa. Baƙin ciki ne kawai ya cika shi, irin wanda ba a iya kai ƙarar kowa a kansa. Ya jawo takarda, ya tsoma alƙalami, ya rubuta iyakokin filin da rubutunsa mafi kyau, bai ko duba takardarta ba don ya haddace su. Ya kira Kemp ya shigo. Hulda ta sa hannu, sai aka ga saura mai shaida, kuma titi babu kowa a lokacin. Lemuel ya je gindin matakala ya kira Adelia.

Ta sauko tana goge hannu da gefen riga. Ta ɗauki takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba ta tsallake layi ba, ta ga sunan mai sayarwa, ta ga sunan mai saye. Ta dubi mijinta ta daɗe, sannan ta ce, "A ina zan sa?"

Ya nuna mata da yatsa.